Sawun Gidanmu

Shekarun baya, tun ban ajiye wannan tumbin da kuke tsokanata da shi ba, na taɓa zuwa neman aikin soja. Na san wasu za su yi dariya. Ku yi abinku, ni ma yanzu ina yi. Amma a lokacin ba wasa a ciki, don ni a raina ba nema na je yi ba, gadon gidanmu na je karɓa.

A Gwallaga aka haife ni, kuma duk unguwar babu mai kiran mahaifina da sunansa na yanka. Soja ake ce masa, mu kuma 'ya'yan Soja. Shagon ɗinki gare shi a wajen Ƙofar Wambai, amma ko a kan keken ɗinki yake zaune bayansa a miƙe yake ƙyam. Ba ya sa riga sai ta sha sitati, ba ya makara, ba ya son a ja ƙafa in ana tafiya. A ɗakinsa, sama da rediyo, akwai hoto guda: shi ne yana matashi, sanye da kaki, hula a karkace, ƙirji a gaba. Tun kafin a haife ni ya dawo Bauchi daga wani bariki mai nisa, saboda haka ban taɓa ganinsa da kakin ido da ido ba. In baƙo ya ga hoton ya ce, "Ashe Malam soja ne?" amsarsa ɗaya ce kullum: "Na yi shekara ashirin da biyu a bariki." Daga nan sai ya canja zance. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina hura hanci.

Da muka gama sakandare aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji, sai muka cike takarda ni da abokina. Shi mutumin kudancin jihar nan ne, Kirista, gidansu na Yelwa, tare muka yi aji tun daga farko. Siriri ne, in ya yi gudu kaɗan sai ka ji numfashinsa daga nesa. Ni na naɗa kaina mai horar da shi. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗaura kambas in kama hanyar Yelwa, shi kuma ya taho, mu haɗu a tsakiya mu juya tare. Ina gaba yana baya, ina yi masa tsawa.

"Ɗaga ƙafa! Haka za ka yi a gaban manya?"

"Kai dai ka yi a hankali," in ji shi yana haki. "Ba kowa ne babansa ya yi soja ba."

"To ka gode wa Allah da ya haɗa ka da ni. Mu a jininmu abin yake."

Gaskiya duk ranar da muka yi nisa, idon sawuna da cikin tafin ƙafata sukan yi ta zogi har yamma. Kambas ɗina kuma ta gefen ciki yake cinyewa, gefen waje na nan sabo. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Mahaifina ma ai kullum da yamma sai ya tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi da gishiri. Na ɗauka haka ƙafar maza take.

Ranar da na faɗa wa mahaifina na cike takardar, yana tsaye yana yanka yadi. Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadin.

"Soja?" ya ce.

"Eh, Baba."

Can ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," ya ci gaba da yankansa. Na so a ce ya dafa kafaɗata ko ya yi murmushi, amma na ce wa kaina ai sojoji haka suke, ba sa nuna abin da ke ransu. Da na tambaye shi me da me ake dubawa a wurin tantancewa, sai ya ce, "Namu zamanin daban ne." Mahaifiyata kuwa tun da ta ji maganar ta rage hira da ni, na ɗauka tsoron kada a kai ni daji ne.

Shi da kansa ya ɗinka mini farin gajeren wandon da aka ce kowa ya zo da shi, har da dogon wando sabo na zuwa. Ya durƙusa a gabana da tef ɗin awo, ya auna ƙugu, ya auna cinya, ya ja tef ɗin har ƙasa. Na lura da ya kai ƙasan sai ya kau da fuskarsa wajen bango, ya danne wurin da babban yatsa, sai da ya miƙe sannan ya duba lambar. Na lura, amma ban fahimci komai ba.

Ranar tantancewa muka isa bariki da sassafe, muka tarar da mutane kamar ana rabon abinci. Aka duba takardu, na wuce. Aka auna tsayi, na wuce. Aka ce mu buɗe baki, aka leƙa haƙora, na wuce. Aka sa mu gudu, na zo na uku a rukuninmu, abokina kuwa da ƙyar ya shigo cikin waɗanda aka bari, yana dafe da ciki. Zuwa hantsi ni har na fara tunanin yadda zan karkata tawa hular.

Daga nan aka jera mu a gaban wata doguwar baranda mai siminti. A bakinta an ajiye babban baho cike da ruwa. Wani saje, baƙi, gajere, mutumin kudu, yana tsaye da 'yar sanda yana ba da umarni da Hausar bariki.

"Cire takalmi! Sa ƙafa a ruwa! Taka! Wuce!"

Abin da ake yi ke nan. Ka jiƙa ƙafa, ka yi taku huɗu ko biyar a kan busasshen siminti, saje ya duƙa ya kalli sawun, ya nuna maka inda za ka tsaya. Ni ban san me ake nema ba, ban kuma tambaya ba, don ɗan Soja ba ya tambaya a gaban mutane. Na dai zuba ido.

Na farko ya taka. Na kalli sawunsa, sai na ga abin mamaki: ga yatsu, ga dunduniya, amma tsakiyar ta gefen ciki babu komai, siminti a bushe. Na ce a raina, wayyo, bawan Allah, ƙafarsa ba ta cika ba. Na biyu ya taka, shi ma haka. Na uku haka. Na fara jin tausayin mutane. Na matsa kusa da abokina na raɗa masa, "Ka ga yadda yunwa ta cinye wa mutane ƙafa? Rabin sawu kowa ke bari."

Ku fahimce ni. A tsakar gidanmu siminti ne, kuma tun ina yaro in mahaifina ya yi alwala a bakin rariya yakan taka 'yan taku zuwa tabarma ba takalmi. Sawunsa cikakke ne, tun daga yatsu har dunduniya, ba inda ya rage. Nawa haka, na ƙannena mata haka. Sau biyar a rana nake ganin wannan sawu shekara ashirin. A wurina haka sawun ɗan Adam yake, duk wanda nasa ya gaza haka to shi ke da matsala.

Abokina ya riga ni. Da ya taka sai na ce shi ke nan, don nasa ya fi na kowa lalacewa a ganina: wani siririn zare ne kawai ya haɗa dunduniyar da yatsun. Saje ya nuna masa hagu, inda tarin jama'a suke. Na girgiza kai. Wata huɗu ina wahala da yaron nan, ga shi ƙafa ta kayar da shi.

Da aka zo kaina na tsoma ƙafa sosai, na fito na taka da ƙarfi, ina danna kowace ƙafa don kada a samu inda ya rage. Na waiwaya na kalli aikina. Sawu biyar, kowanne a cike fam kamar an ajiye bulo. Saje ya duƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya kalle ni, ya sake kallon sawun, sannan ya ƙwala wa wani soja kira ya ce ya zo ya gani. Shi ma ya zo ya riƙe ƙugu yana kallo, har ya yi 'yar dariya. Ni kuwa na ƙame, ƙirji a gaba, irin tsayuwar hoton ɗakin Baba. A raina na ce, to, yau sun ga ƙafar gado.

"Kai, je can," in ji saje, ya nuna dama, gindin wata bishiyar mangwaro inda mutum shida kacal ke zaune.

Mutum shida cikin wannan taro! Na tafi ina taku ɗai-ɗai. Da na hango abokina a cikin jama'ar hagu yana kallona da wata irin fuska, sai na ɗaga masa hannu, na yi masa alamar ya yi haƙuri, wata shekarar ma rana ce. Wallahi haka na yi.

Na isa gindin mangwaro na yi sallama da fara'a, na bi kowa na ba shi hannu. Na ce, "Barkanmu, 'yan'uwa." Babu wanda ya amsa da kyau. Ɗaya ma ya haɗa kai da gwiwa. Wani mai ɗan shekaru a cikinsu ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan'uwa, murnar me kake yi?"

"An ware mu mana."

"An ware mu, ƙwarai. Zuwa gida."

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya ce wannan zuwansa na biyu ke nan, kuma a bahon nan aka tsayar da shi wancan karon ma. Ya ce ana kiran abin fulat fut, wato tafin ƙafa a shimfiɗe, ba rami a tsakiya.

"Rami kuma? Ramin me?"

"Ramin da kowa ke da shi."

"Tsaya, malam. Kana nufin ƙafata da ta cika ita ce mai matsala, tasu da rabi ya ɓace ita ce lafiyayya?"

"Haka suka ce."

Kaina ya ɗaure tam. Na ɗaga ƙafata ina leƙawa kamar yau aka ba ni ita. Ƙafa dai ga ta, yatsu biyar, ba ciwo, ba kumburi. Da aka tashi hutun rabin rana na yi ƙarfin hali na tari saje.

"Oga, ina ga an yi kuskure. Ni na zo na uku a gudu."

Bai yi mini tsawa ba, abin da ya ƙara rikita ni ke nan. Ya ce, "Na gan ka, kana gudu. Amma ƙafa naka ya kwanta. Za ka sa takalmin but, za ka ɗauki kaya, za ka yi tafiya kwana biyu. A hanya za ka zauna. Wa zai ɗauke ka? Ni? Ba laifinka ba ne, yaro. Tafi gida."

Ban hau abin hawa ba, a ƙasa na dawo. Duk wanda na wuce ƙafarsa nake kallo: masu tura baro, masu sayar da rake, mata masu silifa. Na tsaya a wani masallaci lokacin la'asar, na yi sallah, sannan na zauna kusa da wurin alwala ina kallon sawun mutane har wani dattijo ya tambaye ni ko takalmina aka ɗauke. Kowa da raminsa. Ashe duk garin Bauchi da rami suke yawo, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Da na shiga gida mahaifiyata ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ka ci abinci?" Na faɗa mata abin da ya faru. Ta yi salati, amma ba irin salatin wanda labari ya zo wa ba zato ba. Na ce ta cire silifa ta taka ruwa. Ta ce ba ta son shashanci. Na nace har ta taka. Rami, kamar na kowa. Ƙannena suka taka suna dariya, nasu irin nawa. Na tsaya a tsakar gida ina kallon sawu iri biyu.

Gab da magariba mahaifina ya dawo. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki buta. Ya yi alwala, ya taka zuwa tabarma yadda ya saba. Na kalli simintin, sai na ji wani daɗi ya taso mini. Ga hujja! Sawun Baba a cike fam, irin nawa sak, kuma wannan ƙafar ta yi shekara ashirin da biyu a bariki. Ashe ba ƙafa ba ce, rashin uwa a gindin murhu ne, an ga ba ni da kowa ne aka kore ni. Yana sallamewa na durƙusa a gabansa.

"Baba, an zalunce ni. Sun ce mai irin ƙafata ba ya soja. Ga taka nan, iri ɗaya. Gobe ka ɗauko takardunka na sallama mu je tare. Ka cire takalmi a gabansu ka taka, su faɗa mini yadda aka yi kai ka yi."

Mahaifiyata ta tashi ta shige ɗaki. Shi kuma ya ci gaba da jan carbi, idonsa a kan tabarma. Da ya gama ya ce, "Gobe da safe ka same ni a shago."

Na je da sabon dogon wandona, a shirye nake mu wuce bariki. Na tarar ya buɗe ƙofa ɗaya kawai. Ya jawo wata tsohuwar ambulan daga ƙarƙashin akwatin zare, ya zaro wani kati da ya yi ja don tsufa, ya miƙo mini.

"Karanta."

Katin izinin shiga bariki ne. Ga hotonsa da rigar farar hula. A wurin sana'a an rubuta tela.

"Wato a ɓangaren ɗinki aka sa ka?" na ce.

"Ba a sa ni ko'ina ba. Ban shiga ba."

Na ji maganar, amma ta ƙi zama a kaina. Na sake kallon katin, na juya bayansa, kamar a can za a rubuta wani abu daban.

Ya ba ni labarin yana gyara zaren keke, bai kalle ni ba. Yana da shekara goma sha tara ya tafi. Rabin unguwa ta raka shi tasha, mahaifiyarsa ta yi masa guzuri, ta bi gida-gida tana cewa ɗanta ya tafi soja. Da ya isa aka jiƙa masa ƙafa, aka nuna masa ƙofa. Ya ce ya tsaya a bakin titi da jakarsa, ya ga ba zai iya komawa ya kalli mutanen da suka raka shi ba. Wani tela a kasuwar bayan bariki ya ba shi wurin kwana, ya koya masa ɗinki. Shekara ashirin da biyu yana rage wa sojoji kaki, yana ɗinka musu igiya a hannun riga in sun samu ƙarin girma.

"Hoton fa?"

"Kakin wani kofur ne, ya kawo a rage masa. Kakarka ta dame ni da saƙo, tana son ta gan ni a kaki kafin ta mutu. Na sa na minti goma." Ya ja zaren keken. "Ranar da na dawo garin nan, tun daga tasha aka fara ce mini Soja. Ban taɓa cewa ni soja ne ba. Ban kuma taɓa cewa ba shi ba ne."

"To ni fa, Baba? Wata huɗu ina gudu kana kallona. Me ya sa ba ka ce mini komai ba?"

"Ranar sunanka na duba ƙafarka, na gan ta a shimfiɗe. Ungozoma ta ce duk jarirai haka suke, daga baya ramin ke fitowa. Tun ranar ban sake dubawa ba. Na ce wataƙila ta uwarka ka ɗauko. Na ce wataƙila kai za su ɗauke ka."

"Amma kai ka auna ni da hannunka."

"Ni tela ne," ya ce. "Awona a idon sawu yake tsayawa."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ni kuma na rasa abin da ya kamata in ji. Haushi na nan, tausayi na nan, kunya na nan, har da wata dariya da ke son kuɓuce mini in na tuna yadda na ɗaga wa abokina hannu. Jiya da safe ni ɗan Soja ne mai lafiyayyar ƙafa. Yau ba ƙafar, ba sojan.

Muna cikin haka wani maƙwabcin shago ya leƙo ta ƙofar da ke buɗe.

"Soja, an tashi lafiya?"

Mahaifina ya ɗago ya kalle ni. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai a gaban kowa ba, ga shi yana jiran abin da zai fito daga bakina. Katin na hannuna. Na mayar da shi cikin ambulan.

"Baba, ana gaishe ka," na ce.

Ya juya ya amsa gaisuwar.

Abokina ya samu shiga, yana ciki har yau, kuma duk zuwan da zai yi hutu sai ya ɗaga mini hannu daga nesa ya yi mini alamar in yi haƙuri. Ni kuwa siminti ya kore ni daga soja, ga shi yanzu siminti nake sayarwa. Na je asibiti daga baya, aka ce ƙafata ba cuta ba ce, in dai sa takalmi mai taushi, in kuma rage tsayuwa. Ruwan ɗumi da gishirin ma na gada.

Ni da mahaifina ba mu sake ta da zancen ba har ya rasu. Na sha zama in tambayi kaina ko ƙarya ya yi mana, in kasa yanke hukunci. Wata rana in ga ya cuce ni da ya bar ni na je na tsaya a gaban bahon nan ban san komai ba. Wata rana kuma in ga yaro ne ɗan shekara goma sha tara da ya kasa komawa gida, ya tsufa bai gama komawa ba, yana fatan ni in shiga ƙofar da aka rufe masa. Abin da na sani kawai shi ne, mutum na iya kallon abu sau biyar a rana shekara ashirin bai gan shi ba, wani kuma ya kau da kai shekara ashirin don kada ya gani. Ni da shi a tsakar gida ɗaya muka yi hakan.

Hoton yana falona yanzu. Na yi niyyar in saka shi a akwati, hannuna ya ƙi. Kwanaki wani baƙo ya zo, ya tsaya a gabansa ya ce, "Allah sarki, ashe mahaifinka soja ne?"

Na buɗe baki da niyyar in yi masa bayani tun daga farko. Sai na ji kaina ina cewa, "Ya yi shekara ashirin da biyu a bariki."

Na tambaye shi ko zai sha shayi.